Tsintuwar da Ta Faɗo daga Sama

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, mu uku a tsohuwar fijo ta abokin aikina, malamin kimiyya a makarantarmu. Shi aka gayyata. Wata tsohuwar ɗalibarsa mai suna Binta, da ke karatun injiniya a jami'a, ta aiko masa cewa za a yi gasar ƙananan jirage marasa matuƙi a gindin dutsen Kufena, kuma tawagarsu na ciki. Ni labarin ƙasa nake koyarwa, sanina da jirgin sama bai wuce ɗaga kai ba. Na bi su ne saboda an ce akwai wuri a baya.

Bazara ce, kuma ana wahalar mai. Duk gidan man da muka wuce, motoci sun yi jerin gwano, direbobi na barci a ƙarƙashinsu. A Kwanar Ɗangora muka sayi galan ɗaya a hannun 'yan bumburutu, kuɗin da bara ke cika tanki. Mai motar ya shinshina, ya ce rabinsa kananzir ne, sannan ya zuba. A Tashar Yari muka karya da koko da ƙosai. Na ukunmu, mutum mai tsoron yunwa, ya sayi mazarƙwaila wai tsarabar yara, kafin mu hango Zariya yaran sun yi asara.

Da hantsi muka isa Kufena. Na sha zana dutsen nan a allo da alli, amma tsayawa a gindinsa daban ne. Baƙi ne, sul-sul, shirwa na kewaya kansa ba ta ko motsa fiffike. A filin da ke ƙasa kowace jami'a ta kafa rumfarta, daga arewa har kudu. Manoman ƙauyukan kusa sun jingine kekunansu sun tsuguna a inuwa, masu tallan mangwaro na ta ciniki.

Dokar gasar gajeriya ce. Jirgi ya tashi ba waya, ba rediyo, ba mai juya shi daga ƙasa. Ya kewayo wata jar tuta da aka kafa can nesa, ya sauka, sannan a kawo shi gaban alƙalai lafiyarsa lau kafin a kira la'asar. Wanda bai kawo ba ya fita, ko da jirginsa ya kewayo wata.

Jirage da yawa sun nuna ba su karanta dokar ba. Wani ya tashi ya tunkuyi ƙasa kamar rago. Wani ya miƙe sak ya shige gonar rogo. Na wata tawaga daga kudu, mai kyau, ya kewayo tutar ya sauka da ƙafa ɗaya, aka yi masa tafi.

Na su Binta da gwangwala aka yi ƙashinsa, aka rufe da takarda mai shara-shara. Faɗinsa kamar mutum ya buɗe hannuwa, nauyinsa bai kai na kaza ba. Maza huɗu ne suka ƙera fiffike da inji. Ita ta yi abin da ke tuƙa shi, kuma a kansa ta ƙarar da shekararta ta ƙarshe. Ta buɗe cikinsa ta nuna mana: kayan cikin agogon tebur ne, wanda ke tashin gidansu sahur. In an ba shi wani, wato an murɗa makullinsa, yana juya wani ɗan faifai, faifan ya ja zare, zaren ya karkata wutsiya daidai lokacin da ta lissafa jirgin ya kai tuta. Ta ce babban alƙalin gasar, wani farfesa, ya leƙa da safe ya ce agogo bai san iska ba.

Rana ta take tsaka lokacin da aka kira su. Isiyaku, shugaban tawagar, ya tayar da injin da yatsa, ya cilla jirgin. Ya miƙe kamar an ja layi da rula. Da ya kai tutar sai ya karkata a hankali, ya kewaye ta, ba hannun kowa. Wani tsoho kusa da ni ya cire hularsa ya riƙe. Mai ya ƙare, injin ya yi shiru, muka jira ya sauko. Bai sauko ba. Zafin da ke tashi daga dutsen ya tallafe shi, ya yi ta hawa har ya shiga cikin shirwa, suna kewayawa tare kamar dama can ɗan gida ne. Na shekara da shekaru ina gaya wa yara cewa iska mai zafi sama take yi. Ran nan na fara ganin ta ɗauki kaya. Muka bi shi da ido, har ɗigon nan fari ya ratsa kan ganuwa ya nufi cikin birni.

Motarmu ce mafi kusa. Binta da Isiyaku suka shiga, muka bi. Direbanmu ƙofa ɗaya ya sani a Zariya, Ƙofar Gayan, don haka muka yi dogon zagaye. A ciki lunguna suka matse, soraye na ƙasa, maɗinka na zaune a ƙofar gida suna aikin wuyan riga. Ba mu sha wahalar tambaya ba. Duk wanda muka tsayar sai ya nuna gaba, har muka tsaya a wani zaure a Limancin Kona.

Maigidan dattijon malami ne, yana ba manyan ɗalibai karatu. Ba a katse karatu, sai muka cire takalma muka zauna. Isiyaku na duban agogon hannunsa kamar zai cinye shi. Da aka kai aya aka gaisa, gaisuwar Zazzagawa wadda ba ta gaggawa, sannan ya faɗi abin da ya kawo mu.

Malam ya ce, "Lalle wani abu ya sauka a tsakar gida, kusa da murhu. Amma tsintuwa ce, kuma tsintuwa ba a miƙa ta sai mai ita ya siffanta."

Isiyaku ya ce fari ne, ya faɗi tsawon fiffike da nauyi.

"Fari kam, rabin birni ya gani. Awo kuwa ban auna ba. Faɗa mini abin da mai kallo daga ƙasa bai sani ba."

Daga bakin ƙofa inda ta durƙusa, Binta ta ce, "Allah gafarta Malam, da ya taɓa ƙasa ya yi ƙararrawa. Ni na sa, don mu same shi in ya faɗa ciyawa. Ƙararrawar ta tsage, muryarta a dishe take. Zaren cikinsa kuma kore ne, na ɗinkin hula."

Malam ya yi murmushi. "Muryar kam na ji ta daga nan, na ɗauka maƙwabta ne suka makara da sahur. Shiga, 'yata, ki ɗauko. Ku kuwa iyakarku nan."

Ta shiga, ta daɗe. Daga baya ta ce ta tarar an kifa masa babban kwando kamar baƙuwar kaza, kuma uwargidan ta ce ba ya fita sai an nuna mata inda matuƙin yake zama. Sai da ta buɗe cikin, ta ba shi wani, wutsiya ta motsa a gaban matan gidan duka. Da ta fito da shi, ko ƙwarzane babu.

Malam ya juya shi a hannu, ya daɗe yana duban faifan. Ya ce, "Wato tun yana ƙasa aka rubuta masa inda zai juya." Sai ya aika a ɗauko masa takalmi, ya ce zai je ya ga inda ake sakinsu. A gaba ya zauna, jirgin a cinyarsa, mu huɗu a baya kamar kifin gwangwani.

Muna fita ƙofar gari muka ji kiran sallah.

Farfesa ya gaida Malam da ladabi, ya saurari bayani har ƙarshe, ya ce doka ta ce kafin la'asar. Isiyaku ya dubi Malam, yana jiran ceto. Malam ya ce, "Gaskiyarsa. Ni ma ɗazu ban ɗaga muku ƙafa ba." Kofin gasar ya tafi kudu, wurin mai ƙafa ɗaya. Binta ta sunkuya tana gyara zaren da bai lalace ba.

Bayan an yi sallah, Malam ya ce yana da roƙo: shi saukarsa kawai ya ji, bai ga tashinsa ba. Rana ta yi sanyi, dutsen ya huce. Binta ta ba agogon wani, Isiyaku ya cilla. Jirgin ya miƙe, ya kewayo tutar, ya dawo yana saukowa sannu sannu, ya shafi ƙasa 'yan taku kaɗan daga teburin alƙalai, ya kama ƙararrawarsa mai dishi-dishi. Ba wanda ya yi tafi sai da ta ƙare. Farfesa ya tashi daga kujerarsa, ya tsuguna da babbar rigarsa a cikin ƙasa, ya ce, "Injiniya, buɗe mini cikin nan in sake gani."

Mun kamo hanya da magariba, muka iso Kano da sauran kananzir a tanki. Na je kallon jirgi, na dawo da darasi biyu. Na farko, abin da nake koyarwa gaskiya ne, wanda ya ɗan ba ni mamaki. Na biyu, na ga mutum biyu a rana ɗaya, ɗaya a zaure ɗaya a teburi, kowa ya ƙi sassauta dokarsa, kuma dukansu sun ƙare a sunkuye kan agogon sahur na gidan su Binta.