Waken Innata a Akwatin Ɗumama Abinci

Innata ta rasu ba ta bar mini gona ba, gonar ƙauyenmu Garatu yayyena maza suka raba. Abin da na ɗauko shi ne ɗan tulun irin wakenta, ja ne mai ɗigon fari, wanda ita ma a wajen uwarta ta gada. Ba ya daɗewa a wuta, kuma yana da wani zaƙi da ban taɓa ji a waken kasuwa ba. Na kawo shi gidanmu na unguwar Maitumbi da niyyar in shuka a bayan ɗaki in damina ta kankama.

Da na buɗe tulun sai na ga ƙwari sun fara huda shi. Ba su yi nisa ba. Na juye a faranti na shanya a rana, na tafi gidan maƙwabciyata roƙon toka, don mu da gas muke girki. Haka Inna take yi: rana, toka, busasshen barkono, a toshe bakin tulu.

Kafin in dawo, ƙanin mijina ya shigo gidan. Kayan lantarki na gwanjo yake sayarwa, kuma tun da ya kawo wa yayansa maikurowef, akwatin nan na ɗumama abinci, ya hana mu sakat. Ko ruwan shayi sai ya ce a saka a ciki. Ranar kuma tsautsayi ya sa an kawo wuta.

Tun daga ƙofa na ji ƙamshin gasasshen wake. Na shiga da sauri.

"Matar Yaya, na hutar da ke," in ji shi, yana washe baki. "Wace irin toka kuma a wannan zamani? Yanzu duk sun mutu."

Ya buɗe akwatin. Wallahi da idona na gani: ƙwarin nan sun fito daga waken, suna yawo a bangon akwatin, wasu a jikin gilashin ƙofa, lafiyarsu lau, ko gumi ba su yi ba. Na taɓa waken, ya ƙona mini yatsa.

"Iri ne fa!" na ce. "Irin uwata ne ka gasa!"

"Haba, ɗan ɗumi ne kawai. Zai fito."

Bai fito ba. Na shuka rabi a bayan ɗaki, na yi ta leƙe har ciyawa ta rufe wurin. Na tone, na tarar ya ruɓe. Na hau Keke Napep na nufi tasha, na je har Garatu ina bin gidaje neman irin. Yayyena sun ce su irin zamani suke shukawa yanzu. Tsohuwar da suke musayar iri da Inna ita ma ta riga mu gidan gaskiya.

'Yata da ke karatu a Bosso ce ta yi mini bayani. Ta ce zafin akwatin ba ya game ko'ina daidai, akwai inda yake taruwa, akwai inda ba ya kaiwa. Ƙwaro ɗan mitsitsi ne, babu ruwa sosai a jikinsa, da ya ji zafi sai ya matsa inda babu. Wake kuwa ba shi da ƙafa, inda aka ajiye shi nan zai dahu. Na ce mata ta gode Allah ba ita ta saka ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin nan bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Ya mayar da abin labarin ban dariya, a gaban baƙi ma sai ya ce, "Matar Yaya tana makokin wake." Mijina ya ce in bar shi, yaro ne. Yaro da gemu! Ni kuwa na ƙulla a raina. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Sauran rabin na mayar tulu tare da ƙwarin da suka tsira, ban sa toka ba, ban sa barkono ba. Na bar ƙwarin nan suka hayayyafa son ransu, har in ka kara kunne kana jin motsinsu. Sannan na aika wa ƙanin mijin nawa ya zo cin abincin rana.

Ban tsince ba, ban bakace ba. Na juye tulun kaf a tukunya, wake da masu gidan. Na zuba manja, albasa, daddawa, na cika yaji yadda baƙi-baƙin nan zai ɓace. Na zuba masa faten a babban kwano, na ja kujera na zauna ina kallonsa.

Ya ci, ya yi gumi, ya nemi ƙari. Na kankare masa tukunyar har ƙasa.

"Kai, Matar Yaya! Wannan wake daga ina? Kuma mene ne wannan mai ƙaras-ƙaras, busasshen kifi?"

"Abokanka ne," na ce. "Waɗanda ka ce sun mutu. Su da jikokinsu."

Ya dubi kwanon, ya dube ni. Sai ya tashi a guje ya yi bayan gida, ina jin kakarinsa. Na yi dariya har da riƙe ciki, kuma ko yau ban ji tausayinsa ba.

Da na ɗauki tukunyar zan wanke ne dariyar ta tsaya. Ƙamshin da ke tashi a ciki na madafin Inna ne sak. Na sa yatsa na zagaya gefe, ko ƙwaya ɗaya ban samu ba. Waken uwata na ƙarshe a duniya, ni na dafa shi da hannuna, kuma ko loma ɗaya ban kai bakina ba. Na zauna a ƙasa da tukunyar a cinyata, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarta.