Abin da Hajiya Ruhaina Ta Kira Caca

Mutumin yana i'ina, kuma bai damu da ɓoyewa ba. In kalma ta maƙale masa sai ya rufe ido ya jira ta, sannan ya ci gaba. Hajiya Ruhaina tana jiran trotro, motar haya, a unguwar Maamobi, tana kallonsa a kan benci gaban shagon wani tela. Siriri ne mai furfura, rigarsa a goge, wataƙila tsohon malamin makaranta. Magidanta sun kewaye shi suna jefa 'ya'yan ludo masu fuskoki barkatai.

"Caca da rana tsaka, kusa da masallaci!" ta ce, da muryar da ta kai har wurin mai sayar da waakye, shinkafa da wake. "Ko kunya babu?"

Mutumin bai tashi ba. Ya miƙo mata siraran littattafai, kowanne da taswira. Labari ne da ake bugawa kashi-kashi: shi yana karanta tafiyar, su ne matafiyan, ɗan ludo ke yanke wanda ya tsira. Ba kuɗi a ciki.

"Kashi na uku ya fi daɗi, Mma," in ji telan, "birnin da ruwa ya cinye."

"Daɗin me? Can ka bar ni na nutse!" in ji na gefensa.

Amma matar da ke da gidan da shagon yake ta ji ihun cacar, ta riga ta leƙo, tana cewa a kwashe bencin. Hajiya ta sunkuyar da kai, ta ba da haƙuri ƙasa-ƙasa.

"Na karɓa, Mma," in ji mai littattafan. "Sai dai ki maimaita da muryar ɗazu, mai gida ta ji."