Takarda Ba Sallama

A shekarun da na yi ina zaman shagon buga takardu a Gumel, babu aikin da ya ci raina kamar fassara a cikin takardar da aka riga aka tsara a kwamfuta. Za a turo maka ita ta waya, tambari a sama, hoto a ƙasa, Turanci a cikin ɗan akwati, a ce ka mayar da shi Hausa amma kada ka motsa komai. Akwatin ba ya faɗaɗa. Hausa kuwa ba ta son takura. Abin da Bature zai faɗa da kalma uku, mu sai mun yi bakwai.

Wata rana wani jami'in dabbobi ya kawo sanarwar rigakafin shanu da za a raba a rugagen Sule Tankarkar. Na rubuta ta yadda ake yi wa manya magana: sallama, gaisuwa, sannan roƙo. Rabin rubutun ya shige ƙarƙashin hoton saniya ya ɓace. Na rage haruffan har suka koma kamar ƙwayar riɗi, jami'in ya ce ba mai iya karantawa. Sau biyu ana ɗauke wuta. Na gaji, na shiga yanka. Sallama ta fara tafiya, gaisuwa ta bi ta, ko "don Allah" ban bari ba. Abin da ya rage shi ne, "Ku kawo shanunku ranar Talata." Ya zauna daram a akwatin, jami'in har da yaba mini.

Ran Talata masu allura suka wuni a gindin tsamiya, ba su ga ko ɗan maraƙi ba.

Bayan wata guda na haɗu da kawuna a kasuwar Maigatari. Wan mahaifiyata ne, kuma shi ne ardon ɗaya daga rugagen. Shanu biyu sun kwanta masa. Na tambaye shi me ya hana su zuwa rigakafin, sai ya zaro takardar daga aljihu.

"Ɗana, an karanta mana ita. Takardar da ba sallama ai sammaci ce. Muka ce ƙirgen shanu za a yi, muka kaɗa su arewa. Kai da kake cikin 'yan boko, wane marar tarbiyya ne ya rubuta wannan?"

Kunya ta kama ni. Na karɓa na duba kamar ban taɓa ganinta ba. Na ce, "Kawu, wataƙila wuri ne bai ishe shi ba."

Ya juya takardar a hannuna. "Ga bayanta nan fari fat."