Sunan da Kakata Ba Ta Je Ba

Jiya a lungunmu na Nima wata jaririya mai koyon tafiya ta faɗi, ta tsaya duban uwarta kafin ta yi kuka. Sai na tuna kakata.

Ita ta raine mu, zanenta kullum da ƙamshin hayaƙin ƙosai. In yaro ya faɗi takan ce, "Kada ku yi ihu. Fuskarku yake duba, in kun firgita shi ma zai firgita."

Da tsufa ya sa ta manta sunayenmu, ita ma ta koma duban fuska. Wata safiya kawuna, babban ɗanta, ya zo da tasi yana murmushi. "Mma, shirya, suna za mu Kawukudi." Ta dube shi, ta saki jiki. Ni na ɗaura mata ɗankwali, don ni ma na yarda cewa sunan za su.

Ashe arewa ya kai ta, wajen dangin da ba ta sani ba, ya sa ɗan haya a ɗakinta. Can ta rasu. Har yau gaisuwarsa ɗaci take mini.

Allah ya jiƙanki, Kaka, ya ba ki gidan da ba mai fitar da ke.