Foldar Gwaji

Yayana mai hoto ne. A layinmu ba mai kiransa da sunan yanka, Tsaya-Haka ake ce masa, domin abin da ya fi fita daga bakinsa ke nan tun ranar da ya buɗe shago. Ɗaga haɓa, sauke kafaɗa, tsaya haka. Ni ce a kan kantar shagon, ina karɓar mutane, ina yanke hoton fasfo, ina korar masu shigowa shan fanka kyauta. Yaya mutum ne da bai iya zubar da komai ba. Kyamarar da ta mutu tun ina 'yar makaranta tana nan a durowa, an naɗe ta da tawul kamar mai zazzaɓi.

Matarsa, wadda nake kira Anti, ita ce mai gyaran hoto a kwamfuta. Ta goge ƙuraje, ta miƙar da kwalar riga, ta rage wa mutum shekaru ba tare da ya roƙa ba. Abin dariya, matar mai hoto ba ta yarda a ɗauke ta. Ko waya ka ɗaga sai ta kare fuska da tafin hannu. Wuri ɗaya kawai ake kama ta. Kowace safiya Yaya yakan gwada fitilu kafin mutane su zo, gwaji kuwa sai da fuskar mutum. Sai ta zauna a kujerar ɗaukar hoto da kofin shayinta, tana hamma ko tana yi masa tsiya.

"Wannan ai ba hoto ba ne, gwaji ne," in ji ta. "Ka yi sauri, shayina na hucewa."

Hotunan nan suna tafiya wata folda a kwamfutarta mai suna gwaji, wadda ba wanda ke buɗewa.

A ƙarƙashin tebur akwai wani baƙin akwati da aka haɗa da kwamfutocin shagon biyu da waya. Aikinsa ke nan, duk yamma ya kwafe abin da aka yi a ranar ya ajiye. Idan fitilarsa kore ce, lafiya lau. Mu dai a shagon abin da muka sani shi ne, asali yana kan kwamfuta, na cikin akwati kwafi ne.

Anti ta rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Da aka watse daga zaman gaisuwa Yaya ya dawo aiki, da rigarsa a goge. Bai yi kuka a gabanmu ba. Yana cewa tsaya haka da muryar da ya saba, yana cin abin da aka ajiye masa, ko gishiri ya yi yawa ba ya magana. Gwajin fitilu ya daina, ya bar su yadda suke. Kwamfutar Anti kuwa ya lulluɓe ta da ƙyalle, gyaran ya dawo kan tasa.

Sai Inna, mahaifiyar Anti, ta kira shi a waya. Ina jin muryarta daga inda nake zaune.

"Hotonta ko ɗaya ne a wanke mini, babba, idona ya fara rauni. A gida ba mu da nata tun na yarinta."

"Akwai su da yawa, Inna," ya ce. "Sai kin zaɓa."

Ya faɗa, amma bai buɗe ba. Yau gobe, yau gobe, har ta ce za ta zo da ƙafarta ranar Asabar.

A makon nan fitilar akwati ta koma ja. Ya cika maƙil. Ga hotunan ɗaliban wata makaranta gaba ɗaya da muka ɗauka, ba inda aka kwafe su, kwamfutar Yaya kuma ta fara wani tari da ba mu yarda da shi ba. Ya ja kujera ya zauna, ya jera foldojin akwatin daga babba zuwa ƙarama. Gwaji ce a sama, ta cinye kusan rabin wurin. Shekaru ne na safiya a cikinta.

"Yaya, wannan fa?" na ce.

"Kwafi ne. Asalin yana kan kwamfutarta."

Mutumin da ba ya zubar da mataccen batir, ranar ko ƙifta ido bai yi ba. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata, ya danna. Ya shiga kwandon sharar akwatin ya share shi, don in ba haka ba wurin ba ya dawowa. Da yamma akwati ya zuƙe hotunan ɗalibai, fitila ta koma kore, muka rufe shago.

Ranar Asabar da safe ya yaye ƙyallen ya kunna kwamfutar Anti. Foldar tana nan da sunanta. Ya buɗe, fayau. A lokacin na tuna ina jin Anti a ƙarshen wata tana share kwamfutarta tana cewa, "Bari in rage wa baiwar Allah kaya, ai akwati na riƙe." Ita mai share-share ce, ba irinsa ba. Ita ta dogara da akwati, shi ya dogara da kwamfutarta, tebur ɗaya tsakaninsu.

Na ruga na kira mai gyaran kwamfuta na ƙarshen layi. Ya duƙa, ya danna nan ya danna can, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Maigida, sababbin hotuna sun hau kan wurin. Da ba a kwafa komai ba da sauƙi."

Yaya ya ce to, ya yi masa godiya, har da raka shi ƙofa. Ni ma ban ji komai ba sai yunwa, kuma na ji kunyar kaina. Wani mai neman fasfo ya shigo yana gaggawa, Yaya ya ɗauke shi, na yanke na ba shi.

Inna ta iso da hantsi, da wata babbar ambulan da ta saya a hanya don kada hoton ya lanƙwashe. Yaya ya durƙusa ya gaishe ta, kuma a durƙushen ya gaya mata, tiryan-tiryan, kamar mai karanta labarin wani. Ta saurara har ya gama.

"A shagon hoto?" ta ce.

"E, Inna."

Ta dafa kantar shagon ta miƙe, ta nufi bangon da muke manna hotunan talla, fuskokin mutanen da ba mu ma tuna sunansu ba. Ta fara daga gefen ƙofa, ta kai fuskarta dab da kowane ɗaya, ta duba, ta matsa na gaba. Mun san Anti ba ta ciki. Yaya ya tashi ya kunna mata babbar fitila.