Gwangwani Shida na Yaya Mai Majigi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga wata, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Yaya Mai Majigi. Shekara talatin ina tsaron ƙofar silima, kai kana sama kana juya inji, kuma yau da ɓacin rai nake rubutu.

Wa zai manta da tsohon fim ɗin ɗan leƙen asirin nan, wanda ke naɗe cikin gwangwani shida? Ya tsinke ya fi sau ɗari, kana liƙe shi da almakashi da gam. Kowa ya san ƙarshensa, amma zauren cika yake. Idan jarumin ya durƙusa gaban akwatin ƙarfe zai sace takardun, mai gadi na tahowa, sai ka rage sauti a hankali har ya ɗauke. Mutum ɗari uku, ko tari babu! Ka ce mini, "Ƙanena, ba harbin ke riƙe su ba, jiran ne." Ranar da makahon unguwarmu ya zo, ka bar mini injin, ka zauna gefensa kana raɗa masa duk abin da ke faruwa.

Sai aka sayar da ginin. Sabon mai shi ya mai da zauren rumbun siminti, ya garƙame ɗakin injinka da kwaɗo, gwangwanayen na ciki. Sau huɗu ka hau matakalar ofishinsa da sanda, kana roƙon abin da yake naka. Kullum "gobe". Jiya kuwa ga shi a zaman makoki, yana ta baza turare, wai an yi rashin babban mutum. Tir! Wallahi don darajar iyalinka na haɗiye maganata.

Amma fushin da nake yi da kaina ya fi. A asibiti ka riƙe hannuna ka ce in fito da gwangwanayen kafin zafi ya narkar da fim ɗin. Na ce suna nan lafiya. Ƙarya na yi maka, Yaya. Tun sati biyu kafin nan sabon mai ginin ya ba 'yan gwangwan su, da idona na ga yara suna jan fim ɗin a titi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba matarka da 'ya'yanka haƙuri. Ni kuma Allah Ya yafe mini, don da ka ji amsata murmushi ka yi, har ka ce mini, "Na gode."