Tsirkiyar Mang Ukat a Tukunya

Mijin yayata, Kang Oding, mutum ne da Allah bai ba shi zama ba. Ko shayi aka miƙa masa a tsaye yake sha, ya ƙona harshe, ya ce shayin ne bai da kunya. In ka matsa masa ya zauna, ƙafarsa za ta yi ta rawa har tebur ya ɗauka. Shekara ashirin da tara ya yi a ɗakin wanke kayan aiki na wani asibiti a nan Bandung ta ƙasar Indunusiya, yana tafasa almakashi da hantsaki tun safe har la'asar. Can ya kwaso cutar da ke damunsa, don idonsa ba ya ganin dauɗa ya bar ta ta kwana.

Abin da ya sa a ransa guda ne, jitar bes, mai kaurin tsirkiya huɗun nan da ke gurnani a ƙarƙashin sauran kiɗa. Goma sha ɗaya gare shi, rataye a ɗakin da yayata Teh Popon ta so ya zama na baƙi. Amma goma sha ɗayan bana ba su ne na bara ba. Duk Lahadi yana kasuwar tsofaffin kaya ta Cikapundung, ya ba da ja ya karɓo baƙa, ya kawo gida yana rantsuwa wannan karon ya dace. Kwana goma ba sa cika sai ka ji ya ce muryarta ta yi siriri, ko wuyanta ya karkace, ya sake saɓa ta a baya ya hau babur. Bai taɓa hawa dandali ba. Ran Asabar da yamma yake kaɗawa da abokansa uku a garejin wani mai gyaran firji, su yi ta maimaita waƙa shida.

Duk wadda ya kawo kuwa sai ta sha wanka. Masu bes sun san wannan dabara: tsirkiyar ƙarfe ce, da tsada, in ta tsufa gumi da maiƙon hannu suka cika ta sai ta dushe. Sai a kwance ta a tafasa a ruwa, ta fito tana ƙara kamar sabuwa. Wasu sau ɗaya a shekara suke yi. Kang Oding duk wata yake yi, kuma a tukunyar miyar Teh Popon, har ta gaji ta bar masa ita.

Ni na san abin da yake nema, don ina wurin ranar da abin ya kama shi. Ranar aurensa ce, shekara ashirin da takwas da suka wuce. An ɗauko makaɗan dangdut, kiɗan rawar bikinmu, na unguwarmu Cicadas, mai bes ɗinsu wani siririn mutum ne, Mang Ukat, da wata tsohuwar jita ƙirar Japan, ruwan ƙasa, duk ta goge. Yana taɓa ta ango ya miƙe daga kan kujerar amare, ya bar amarya da baƙi a layi suna jiran gaisuwa, ya je ya tsaya jikin lasifika baki buɗe. Murya ce mai kauri, gajeriya, ba ta kuwwa, a ciki kake jin ta kafin ta iso kunne. Teh Popon ba ta yafe wannan tashi ba har yau. Shi kuma tun ranar yake bin wannan murya daga jita zuwa jita, bai same ta ba.

Sana'ata ba da hayar lasifika ce a gidajen biki, don haka na daɗe da sanin Mang Ukat. A lokacin shekara shida ke nan da ciwo ya shanye masa ɓarin hagu, jitar ta koma saman kabad. Kang Oding ya je tayi ya fi sau goma, da lemo, da taba, da magiya. Tsohon ya ce ko taɓa ta ba zai yi ba.

Sai ga auren jikarsa Wiwin ya taso. Na je duba inda zan kafa kaya, Mang Ukat ya yafito ni da hannun da ya rage masa.

"Jajang," ya ce, bakinsa na ɗan ja gefe, "mijin yayar nan taka mai ƙaiƙayin gindi, ya iya kaɗawa kuwa, ko tarawa kawai ya iya?"

"Ya iya daidai gwargwado, Mang. Ba ya ɓata kiɗa."

"To ka kawo min shi. Ina so in ji muryarta sau ɗaya kafin a kai ni. A bikin Wiwin."

Ran Litinin muka je. Na haɗa masa ƙaramar lasifika a tsakar ɗaki, aka sauko da jitar. Tsirkiyoyin sun yi baƙi ƙirin, har da kore-kore a wajen gindi, ga wani guntun roba da ya ƙeƙashe an cusa a ƙarƙashinsu. Kang Oding ya ɗaure ta a kafaɗa, ya taɓa babbar tsirkiyar. Muryar nan ta fito, ita ce, ba ta rage komai ba. Tagar ɗakin ta amsa. Ya kaɗa rabin waƙa ya tsaya, hawaye na bin kumatunsa, mutum mai shekara hamsin da biyar.

"Kai, ba makoki na kira ka ba," in ji Mang Ukat. "Tafi da ita ka saba da wuyanta. Ran Lahadi waƙa uku nake so, kada ka yi gudu, na ji an ce kana da gaggawa."

Muna hanyar gida, yana bayana a kan babur rungume da ita, sai na ji ya ce a kunnena, "Jang, ka ga dauɗar nan kuwa? In da wannan ƙazanta haka take magana, in an wanke ta fa?"

"Kang, ka bar kaza cikin gashinta."

"Ai magana kawai na yi."

"Maganarka na sani. Daga magana sai tukunya."

Ya yi ƙoƙari, wannan zan shaide shi. Talata ya kaɗa ta bai goge ba. Laraba ya ɗauko tsumma ya mayar. Teh Popon ta ce yana shiga ɗakin yana fita kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, yana duba yatsunsa da suka yi baƙi yana tsaki. Abin da ya fi cin ransa shi ne wai za a ga jitar Mang Ukat a gaban jama'a da wannan kama, a ce ta kwana shida a gidan Oding ba a yi mata gata ba. Ran Alhamis ba ya aiki. Teh Popon ta tafi kasuwa da hantsi.

Wajen azahar wayata ta yi ƙara. "Jang, zo ka ga mutuminka," in ji yayata. "Ya yanka min silifas uku wai roba yake nema, yanzu ya bi mai kurar shara da gudu ba takalmi."

Na tarar da shi ya dawo, jiƙe da gumi, yana warin juji. Jitar na kan gado tana walƙiya, tsirkiyoyi fari tas, katakon wuya har ana ganin zanensa. A ƙofar kicin ga tukunya da ruwa baƙi, maiƙo na yawo a kai. Ya jona jitar ya taɓa. Ƙara ce mai kyau, mai tsawo, mai ƙarfe-ƙarfe, irin wadda za ka ji a kowane shagon kayan kiɗa a titin Braga. Muryar Mang Ukat babu ita.

"Minti goma sha biyar kawai na ba su," ya ce. "Wallahi minti goma sha biyar."

"Robar fa?"

"Na zaci ƙazanta ce ta maƙale." Ya dafe kai. "Na bi su har juji, sun riga sun zubar."

Na so in zage shi, na kuma zage shi, amma ba da yawa ba, don fuskarsa ta riga ni.

Kwana biyun da suka rage ban taɓa ganin mutum ya wahalar da kansa haka ba. Ya tsoma tsirkiyoyin a ruwan tukunyar ko dauɗar za ta koma. Ya shafa musu man da aka soya kaza. Ran Juma'a ya naɗe su a ƙugu ƙarƙashin riga ya tafi aiki, yana hawa bene yana sauka don ya yi gumi, har wata nas ta tambaye shi ko lafiya. Ya gwada soso, ya gwada robar taya, ya gwada guntun katifa. Kowanne ya cusa sai muryar ta shaƙe ko ta yi kuwwa. Ya kwance tsirkiyar sauran jitocinsa yana neman tsohuwa, amma ina, mutumin da ke tafasawa duk wata ina zai samu tsohuwa? Teh Popon ta ce masa, "Kang, ka je ka faɗa wa tsohon nan tun kafin Lahadi." Ya sa takalmi sau biyu, ya kai bakin layi ya dawo.

Lahadi da hantsi aka kafa rumfa a layin su Mang Ukat, aka jera kujeru, ƙamshin shinkafa da soyayyen kifi ya cika wuri. An ɗauko tsohon a kujerarsa aka ajiye shi gaba, da sabuwar riga da hula, kusa da babbar lasifikata, don shi ya ce nan yake so. Da makaɗa suka huta aka kira Kang Oding. Ya hau dandali karo na farko a rayuwarsa, fuska kamar wanda za a yi wa allura.

Ya kaɗa da kyau, bai yi gudu ba. Mata suka tashi rawa, amarya na tafi. Ni kuwa Mang Ukat nake kallo. Ya karkata kai ya kasa kunne. Ya ɗora tafin hannunsa a jikin lasifika, ya daɗe a haka. Sannan ya waiwayo ya neme ni.

"Jajang, kayanka ne suka lalace?"

Na ga ƙofa a buɗe, na ce bari in shige da mutumina. "Ƙila su ne, Mang. Wayar nan tana ba ni wahala."

"To gyara mana. Ba ta fito ba tukuna."

Na duƙa ina murɗa abin da bai buƙaci murɗawa ba. Kang Oding yana ganinmu daga sama, ya kuma san abin da nake yi. Waƙar farko na ƙarewa ya cire jitar, ya sauko, ya durƙusa gaban tsohon a cikin mutane.

"Mang, ba kayan Jajang ba ne. Ni ne. Na tafasa su."

Mang Ukat ya kai hannu ya shafa tsirkiyoyin, ya duba yatsansa, babu ko ɗigon baƙi. Ya laluba gindin inda robar take.

"Shekara arba'in," ya ce. "Shekarar da aka haifi uwar Wiwin na ɗaura su, ban taɓa sa musu ko tsumma ba. Robar kuma daga silifas ɗin Onah na yanka." Onah matarsa ce, ta rasu tun kafin ciwonsa.

"Mang, ka yafe min. Gata na so in yi mata."

"Na sani. Ai ta yi kyau." Ya janye hannunsa. "Koma ka ƙarasa musu, suna jira. In ka gama ka wuce da ita gida, ba ni da abin ji a cikinta."

Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Ya ce a mayar da shi cikin gida, iska ta yi masa yawa, waƙa ta biyu da ta uku daga ɗaki ya ji su, in ma ya ji. Bayan wata biyar ya rasu. Kang Oding ne ya fi kowa daɗewa a bakin kabari, kuma ban ga ƙafarsa ta motsa ba.

Abin da ya yi shekara ashirin da shida yana roƙo ya zo hannunsa kyauta, kuma ban taɓa ganin kyautar da ta yi wa mutum nauyi haka ba. Ya daina zuwa Cikapundung. Sauran goma sha ɗayan na nan rataye, ba ya saya ba ya sayarwa. Kullum ya dawo aiki sai ya ci abinci da hannu, ya ƙi wankewa, ya shiga ɗaki ya kaɗa ta awa biyu, yana kai da kawo tsakanin ƙofa da taga. Ya yi lissafinsa ya faɗa min: ranar aurensa tsirkiyoyin shekararsu goma sha huɗu, kuma lokacin Mang Ukat biki biyu yake yi a yini.

Shekara biyu ke nan yanzu. Makon jiya na kai wa Teh Popon mangwaro, ya jiyo muryata ya fito ya ja ni ciki. Ya jona, ya taɓa ta babba, ya tsura min ido.

"Ka ji? Ta ɗan fara sauka, ko?"

Na saurara da gaske, don ina so in ji. Ƙarar shago ce, ta ɗan dushe kaɗan.

"Da saura, Kang," na ce.

"Da yawa?"

Na dubi furfurar da ta cika masa kai. Bai jira ni ba, ya juya ya sake taɓawa.